MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA RUWA KE ZUBA

Jama'a da yawa, musamman malaman makaranta da akawuna, sun fara jin sunan Python, watau wani harshe da a ke rubuta wa kwamfuta umurni da shi. Wani mutumin ƙasar Holan, Guido van Rossum, shi ya fitar da shi a 1991. Ba a sayar da shi, ba a kuma ɓoye yadda aka gina shi. Kowa na da ikon ɗauka, ya duba cikinsa, in ya ga ɓaraka ya kawo gyara. Aikin gayya ne, sai dai gonar ta game duniya.

To, amma gyaran nan yana da wata wahala wadda ya kamata a fahimta. Kwamfutoci ba tsari ɗaya ke tafiyar da su ba. Waɗansu Windows ne, waɗansu Linux, waɗansu kuwa macOS, kowanne da al'adarsa. Alamar da Windows ke sawa a ƙarshen layi dabam ta ke da ta Linux, haka nan sandar da ke raba sunayen ma'ajin takardu. Saboda haka mutum ya kan gyara abu ya yi daidai a kwamfutarsa, a kai shi wata ya lalace. Don wannan ne masu kula da Python ba su karɓar gyara sai an jarraba shi a kan tsare-tsaren nan duka, sa'an nan wani daga cikin manyansu ya duba. Tsarin da ya rasa mai tsaya masa kuwa, a kan daina ɗaukar nauyinsa.

Kada wani ya ce wannan magana ta Turawa ce, domin ta shafi rubutunmu. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba su cikin tsohon jerin baƙaƙen da Windows ta Ingilishi ta gada. Linux da macOS kuwa galibi suna aiki da UTF-8, wanda ya ɗauke su duka. Sai ka ga malami ya shirya jerin sunayen almajirai lafiya lau a kan Linux, abokin aikinsa ya buɗe da Python a kan Windows, sunan Ɗanladi ya koma shirme, ko kuwa aikin ya tsaya cik. Mai rubutu da Ingilishi zalla zai shekara bai gamu da wannan ba, gama baƙaƙensa ba su canzawa ko'ina.

An yi gyara, kuma mutane ne da sunayensu suka yi shi. A 2016 Python 3.6 ya fito da gyaran Steve Dower, wanda ya daidaita sunayen takardu da rubutun allon umurni a kan Windows. A 2018 Python 3.7 ya zo da hanyar da Victor Stinner ya shirya ta tilasta UTF-8 ga mai so. Daga baya Inada Naoki, mutumin Japan, ya kawo shawarar a mai da hanyar nan ta zama ita ce ka'ida, aka kuwa amince. Abin lura shi ne, Japanawa ma ba da baƙaƙen Ingilishi su ke rubutu ba.

Ra'ayinmu shi ne, bai kamata mu zauna muna jiran waɗansu su gano mana ciwonmu ba. Ba lalle sai gwani ke taimako ba. Tun 2017 asalin Python yana ajiye a GitHub, ƙofa a buɗe. Wanda ya ga kuskure ya rubuta bayani sosai: wane tsari ne, wane Python ne, me ya yi, me ya fito. Wanda ke da Windows ya jarraba gyaran mai Linux, ya ba da labari. Wannan aikin akawu ne na ainihi, watau lura da faɗin gaskiya daki-daki.

Muna roƙon shugabannin kwalejojin horon malamai su sa wannan cikin darasi. Ɗalibi ya koyi cewa aikinsa bai ƙare ba sai ya yi daidai a kwamfutar maƙwabcinsa. Wanda ya sha ruwan rijiya, wajibi ne ya fito ran yasa. Allah ya sa mu gane, amin.