AIKI KO SADAKA? MAGANA GA MUTANEN DAMARGU



Damargu ƙasar gero ce, kowa ya sani. Amma da an gama girbi sai samarin Tanut da Balbeji su kama hanyar cin rani, wasu Kano, wasu Libiya. To, wanda ya rasa abin yi da rani, kuɗi za a ba shi kyauta, ko aiki za a ba shi a biya shi?

An gwada duka biyu a Nijar. A yunwar 2005 gwamnati ta fara da sayar da hatsi da rahusa, sai da abu ya ɓaci aka koma rabon kyauta. A 2011 kuma, da taimakon Bankin Duniya, aka kafa shirin ba matalautan gidaje jika goma kowane wata, haɗe da aikin gyaran ƙasa da ake biya.

Mu dai aiki muka zaɓa, domin zomo ba ya kamuwa daga zaune. Kuɗin kyauta a ci ne ya ƙare. Ramin rabin wata kuwa, in aka haƙa shi a faƙo, yakan tare ruwan sama, ciyawa ta tsiro, gona da makiyaya su farfaɗo.

Amma fa da sharaɗi. Kakanninmu sun sha aikin tilas a hannun Faransa har aka soke shi a 1946. Kada ya dawo da sabuwar riga.

1. A biya lada a kan lokaci, gaban jama'a.
2. A yi aikin da rani, a tsaya kafin shuka.
3. Manoma da makiyaya su zaɓi wurin tare, a rubuta mai ƙasar tun kafin a sa diga.
4. Tsoho da gajiyayye da mai jego a ba su taimako ba tare da aiki ba. Mai yunwa ba ya haƙa.

Wannan ba mafarki ba ne. A 2005 Indiya ta yi doka ta ba kowane gidan ƙauye haƙƙin aikin kwana 100 a shekara, in ba a ba da aikin cikin kwana 15 ba, hukuma ta biya diyya. Can haƙƙi aka mai da shi, ba alfarma ba.

Saboda haka kowane reshe ya zauna ran kasuwa, ya rubuta wa ya yi aiki, kwana nawa, nawa aka biya shi, a kai wa majalisar gari. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.