A cire bututun ƙwai, ba a ɗaure shi kawai ba

Likitoci sun daɗe suna neman tushen sankarar gidan ƙwan mace a inda ba nan ta fi tsirowa ba. A 1971 likitan Masar Mahmoud Fathalla ya kawo bayanin da ya daɗe yana ci: duk wata ƙwai kan fasa fatar gidansa ya fito, wurin ya warke, yawan fasawa da warkewa ne ke lalata ƙwayoyin wurin. Sai dai da wuya a ga alamun farkon cutar a gidan ƙwan kansa.

A 2001 masu bincike a Holan suka duba bututun ƙwan da aka cire wa matan da suka gaji haɗarin cutar, suka tarar da ƙwayoyin da suka fara sauya kama tun kafin su zama sankara. Daga baya Christopher Crum da abokan aikinsa a Boston suka riƙa yanka bakin bututun siriri-siriri, suka gano a nan, wajen bazar da ke cafke ƙwai, nau'in da ya fi kisa yake yawan somawa, sannan ya zuba kan gidan ƙwai da cikin ciki.

Abin da ke damuna shi ne babu gwajin da ke kama ta da wuri yadda zai ceci rai. A Birtaniya an yi bincike kan mata fiye da 200,000, aka riƙa yi wa rabinsu gwajin jini ko hoton ciki, sakamakon 2021 ya nuna mace-macen ba su ragu ba. Alamunta kuwa, kumburin ciki da saurin ƙoshi, a wajenmu gyambon ciki za a ce, a yi ta shan magani.

Tun 2010 lardin Biritish Kolombiya na Kanada ya ɗauki hanya mai sauƙi: macen da ta gama haihuwa, in za a cire mata mahaifa ko a yi mata abin da muke kira juyin mahaifa, wato ɗaure bututun ƙwai, sai a cire bututun gaba ɗaya, a bar gidan ƙwai yana aikinsa. Ana yin waɗannan tiyatocin a asibitocinmu na koyarwa. Ina ganin haƙƙin kowace mace ne likita ya zaunar da ita tun kafin ranar aiki, ya faɗa mata wannan zaɓi, ya kuma gaya mata gaskiya cewa in an cire, ba a mayarwa. Ya tambaye ta ko sankarar mama ko ta gidan ƙwai ta taɓa kama mahaifiyarta, ko gwaggonta ta wajen uba, domin gadon BRCA, wato sauyin ƙwayar halitta da ke ƙara haɗarin waɗannan sankarorin, ta ɓangaren uba ma yakan biyo.