Ku daina haɗa Ali da Tyson, ba sa'o'in juna ba ne

Daren jiya a majalisarmu wani ƙanena ya miƙo min waya, wai "Yaya, kalli nan ka ga namiji." Bidiyon daƙiƙa 30 ne, Mike Tyson yana ta zubar da ƙarti kamar ana sassabe. Ya ce wai da za a haɗa shi da Muhammad Ali, kowa a ganiyarsa, Ali ba zai ga turmi na uku ba. Samarin wurin duk suka goya masa baya. Na yi shiru don hayaniya ta yi yawa, amma abin ya tsaya min a rai.

Jama'a, ba na raina Tyson. Yana ɗan shekara 20 ya buge Trevor Berbick a 1986, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa riƙe kambun duniya a ajin masu nauyi. A 1988 cikin daƙiƙa 91 ya gama da Michael Spinks. To amma Bahaushe ya ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ni ma'aunina ɗaya ne: ranar da aka gamu da wanda bai ji tsoro ba, aka sha naushi, numfashi ya fara ƙarewa, me gwanin naka ya yi?

A Tokyo, Fabrairun 1990, Tyson yana da shekara 23 kacal. Ya kai Buster Douglas ƙasa a turmi na takwas, Douglas ya miƙe, a turmi na goma ya shimfiɗe shi. A 1996 Evander Holyfield, wanda ya girme shi, ya jibge shi har alƙalin wasa ya tsayar a turmi na 11. Da aka sake haɗuwa a 1997, maimakon ramuwa sai cizon kunne. A 2002 Lennox Lewis ya kwantar da shi a turmi na takwas. Tyson bai taɓa shan ƙasa ya tashi ya ci wasa ba, bai kuma taɓa rama kayen da aka yi masa ba, ko sau ɗaya.

Ali fa? Henry Cooper ya kai shi ƙasa a 1963, ya tashi ya ci wasan a turmi na gaba. Joe Frazier ya kai shi ƙasa a turmi na 15 a 1971, ya miƙe ya ƙarasa, daga baya ya doke Frazier sau biyu. Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973, haka ya kai ƙarshen turmi 12, shi ma ya rama har sau biyu. Sai Kinshasa, 30 ga Oktoban 1974. George Foreman yana ɗan shekara 25, wasa 40 ba a taɓa cin sa ba, 37 duk kisa ne, ya gama da Frazier da Norton kowanne a turmi na biyu. Ali mai shekara 32 ya jingina da igiya, ya bar shi ya ƙarar da ƙarfinsa, a turmi na takwas ya kwantar da shi. Wanda bai razana da Sonny Liston da Foreman ba, hararar Tyson ce za ta kaɗa masa hanji?

Na san za a ce ai Tyson ya doke Berbick da Larry Holmes, su kuma sun doke Ali. Haba ɗan'uwa! Ali yana da shekara 38 da 39 a lokacin, jiki ya riga ya gaji. Holmes ɗin da Tyson ya buga shi ma 38 gare shi, kusan shekara biyu bai hau dandali ba. In da haka ake awo, sai mu ce Jake Paul ya fi Tyson tunda ya ci shi a 2024 yana da shekara 58. Kun yarda?

Za a kuma ce gidan yari ne ya lalata Tyson. Douglas dai kafin ɗauri ya buge shi. Shi kuwa Ali a 1967 aka ƙwace masa kambu don ya ƙi zuwa yaƙin Vietnam, ya yi shekara uku da rabi ba dambe a tsakiyar ƙuruciyarsa, ya dawo ya sake karɓar kambun har sau biyu.

Masu cewa 'yan damben yanzu sun fi girman jiki, Oleksandr Usyk ya ba ku amsa. Tsayinsa ɗaya da Ali, santimita 191, amma ya doke Anthony Joshua sau biyu, ya doke Tyson Fury mai santimita 206 sau biyu a Riyadh a 2024. Da ƙafa da kai ya ci su, makaman Ali ke nan.

Gaskiya ɗaya zan ba ku: naushin hagu ne ya kai Ali ƙasa a hannun Cooper da Frazier, Tyson kuma gwanin hagun ne. Turmi huɗu na farko akwai haɗari sosai, ƙila ma Ali ya shafi ƙasa. Amma zai tashi. Ya fi Tyson tsawon hannu da kusan santimita 18, zai riƙa tsikarinsa daga nesa, in ya matso ya rungume shi, yana zuba masa baƙar magana a kunne. A zamanin Ali turmi 15 ake yi. Ni a ganina, kafin na 12 an gama.

Abin da ya fi damuna ba damben ba ne. Yaranmu sun koyi auna mutum da guntun bidiyo, a wasa, a siyasa, har a malanta. Ana nuna musu dukan da ya yi, ba a nuna musu ranar da ya sha duka.

Wanda ya ja, ya kawo min wasa ɗaya tak da Tyson ya faɗi ya tashi ya ci. Ina nan ina jira.