A Bar Maƙwabta Su Wuce Da Laimarsu

Duk lokacin da 'yan Katolika suka fito jerin gwano a Kumasi, wayar shirina ba ta hutawa. Wannan ya bugo ya ce an tare hanya saboda gunki, wancan ya ɗauki hoton mutum-mutumin Maryamu ya sa a Facebook da baƙar magana. Ni dai na ce wannan ɗabi'a ba ta Zango ba ce, ba kuma ta Musulunci ba.

Mu fara sanin abin da muke zagi. Babban cocinsu na Waliyyi Bitrus yana kan Roman Hill, jifa kaɗan daga unguwanninmu. Siffofin da suke ɗauka kowace da alamarta: Maryamu da shuɗi da fari, Bitrus riƙe da mabuɗai, Yusufu ɗauke da jariri. Su a faɗarsu ba sa bauta wa itace ko siminti, abin tunawa ne da bayin da suke neman cetonsu. A bikin Kofus Kiristi kuwa ba ma mutum-mutumi ake ɗauka ba, gurasar ibadarsu ce. Bishop Peter Sarpong, wanda ya hau kujerar Kumasi a 1970, shi ya yi fice wajen shigar da al'adun Tonawa cikin coci: tambura, rawar gargajiya da babbar laima irin ta sarakuna. A watan Agusta kuma sukan yi tururuwa zuwa dutsen Buoho don girmama Maryamu.

Na yarda da aƙidarsu? A'a. Addinina ya hana ni sassaƙa siffa don ibada, kuma ba na ɓoye wa kowa wannan. Amma addinin nan ne dai, a aya ta 108 ta Suratul An'am, ya hana mu zagin abin da wasu suke kira, don kada su rama a kan Allah cikin jahilci. Matar da siffar take nufi kuma, Nana Maryam ce, mai sura guda sukutum da sunanta a Alƙur'ani. Samari, da wane baki kuke haɗa sunanta da ashar?

Masu kukan an tare hanya, mu fa? Ranar Idi muna shimfiɗa tabarmi har bakin kwalta. Ranar Maulidi lasifika tana kwana tana aiki. Sarkin Zango ya fito da dawaki, motoci su tsaya cik. Maƙwabtan nan suna haƙuri da mu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa: ranar da aka fara hana jerin gwanon addini a garin nan, namu ne zai fi shan wuya, don mu ne marasa rinjaye.

Ga kuma 'ya'yanmu mata a makarantun mishan, kullum muna roƙon a bar su su sa hijabi su yi azumi. Wanda ke neman a girmama ɗankwalin 'yarsa ba ya jifan laimar wani.

A Afrilun 2019 Babban Limamin Ghana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Christ the King a Ankara ranar Ista, yana dab da cika shekara 100. Ya fito da imaninsa cif. Ku da ba ku kai jikokinsa ba, kun fi shi kishin addini ne?

In jerin ya zo, ku matsa gefe. Mai shayi ya sayar da shayinsa, mai ruwa ya miƙa wa tsohuwar da ta gaji. In wa'azi kuke so ku yi musu, ku fara da wannan.