Bayan An Sallamo Shi, Sai Me?

Jama'ar zango, maganarmu ta yau a kan wani abu ce wanda kusan kowane layi yana da shi, amma ba a son faɗinsa a bainar jama'a. Watau zancen waɗanda Allah Ya jarraba da ciwon taɓin hankali, ko kuwa samarinmu da ƙwayar tiramol ta kama, da kuma iyaye da mata da 'yan'uwa waɗanda nauyin jinyarsu ya hau kansu. Mun ga bai kamata mu ci gaba da yin shiru ba, gama ciwon da aka ɓoye shi ne kan ci mai shi.

Kowa ya sani manyan asibitocin wannan ciwo na Gwamnati uku ne a ƙasar Gana. Akwai na Ankara wanda aka buɗe a 1906, da na Ankaful kusa da Cape Coast na 1965, da na Pantang na 1975, dukansu kuwa a kudu suke. Mu na Kumasi muna da sashen wannan ciwo a asibitin Komfo Anokye, kuma a asibitocin gundumomi akwai nas-nas da aka koya wa wannan aiki. To, amma ko wanne aka kai mutum, ba can zai dawwama ba. Wata rana za a sallamo shi, ya dawo Aboabo ko Asawase ko Nima, ɗakin da ya bari. Daga ran nan sauran aikin na mutanen gida ne.

A nan ne fa ake samun kuskure. Sau da yawa mutum kan dawo ya tarar an ware masa kwanonsa, an daina kiransa da sunansa, in ya shigo sai hira ta tsaya. Ana ba shi abinci, ana ba shi magani, amma ba mai zama da shi. Ba mu zargin masu jinya ko kaɗan. Uwar da ɗanta ya kwashe mata jarin waina ya sayi ƙwaya, ko matar da mijinta ya zage ta gaban kishiyoyi sa'ad da ciwo ya motsa, dole zuciyarta ta yi nauyi. Amma lalle mu tuna, wanda ya ga ana gudunsa a gidan ubansa, zai koma wurin waɗanda ba su gudunsa, su ne kuwa abokan da suka kai shi ga halaka tun farko.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Da fari dai, a mayar masa da sunansa. Kada a ƙara cewa "mahaukacin gidan wane" ko "ɗan ƙwaya", a kuma hana yara faɗi. A ci tuwo da shi kwano ɗaya kamar da. In an zauna da shi, ba lalle sai an yi wa'azi ba. Ya sha wa'azi ya ƙoshi. A tambaye shi yadda ya kwana, a yi shiru a ji amsa, ko da amsar ba ta da kan gado. In ya faɗi abin da ba haka yake ba, kamar ya ce ana binsa ko yana jin muryoyi, gardama ba ta da amfani, ba'a kuwa ta fi gardama muni. Ya isa a ce masa, "Na ga abin ya tsorata ka, ga ni nan tare da kai."

Na biyu, a ba shi ɗan aiki gwargwadon ƙarfinsa. Ku 'yan kasuwa, wannan naku ne. A bar shi ya jera kaya a rumfa, ko ya yayyafa wa goro ruwa, ko ya raka ƙanensa makaranta. Ba don riba ba, sai don ya san har yanzu ana bukatarsa. Zancen riƙon kuɗi kuwa a bi shi sannu-sannu, yau kaɗan, gobe a ƙara. Amana in ta karye, da zare ɗai-ɗai ake ɗinke ta. Kuma in ya yi daidai a faɗa masa, kada a riƙa tono laifin bara kowace safiya.

Na uku, zancen magani. Da yawa kan daina sha da zarar sun ji sauƙi, ciwon kuwa sai ya dawo. Waɗansu magungunan kan sa barci mai yawa, ko rawar hannu, ko sandarewar jiki. In an ga haka a koma wurin likita ko nas, suna iya rage shi ko su sake wani, amma kada a yanke shi a gida. Haka mai barin tiramol, zai yi fama da gumi da ciwon gaɓoɓi da rashin barci da saurin fushi. Wannan ba iskanci ba ne, jiki ne ke neman abin da ya saba, shi ya sa ya fi kyau a bar ta a hannun likita. Mai ƙarfin 50 da 100 hukuma ta yarda da ita, bisa takardar likita. Masu 120 da 225 da 250 na fasa-ƙwauri ne, yawan shansu kuwa kan jawo farfaɗiya. In ya koma ya sha bayan ya bari, kada a ce aiki ya ɓaci duka. Faɗuwa ɗaya ba ta hana yaro koyon tafiya.

Addu'a da roƙon malamai ba mu raina su ba, a haɗa su da na asibiti. Amma mari da sarƙa da bulala ba magani ba ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, mai lamba 846, ta kare mutuncin waɗannan bayin Allah, a 2017 kuma hukumar da dokar ta kafa ta ba da sanarwar hana ɗaure su. Wanda ka ɗaure da hannunka, da wane ido zai dube ka in ya warke? Haka kuma tun 2023 Majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga cikin laifuffukan da ake hukuntawa. Saboda haka in kun ji yana ambaton mutuwa ko ya gaji da duniya, kada tsoron 'yan sanda ya sa ku ɓoye. Ku zauna da shi, ku kawar da wuƙa da igiya da magunguna, ku kai shi asibiti a ranar.

Daga ƙarshe, mai jinya shi ma abin tausayi ne. Mace ɗaya ta kwana ba barci, da asuba ta ɗora koko, ina za ta sami fara'ar da za ta ba marar lafiya? Tulun da ba kome ciki ba ya shayar da kowa. Muna roƙon 'yan'uwa maza kada su sakar wa mata wannan kaya su kaɗai. A raba kwanaki. Maƙwabta su karɓe ta ko da yini ɗaya a mako, ta je kasuwa ko suna. Masu hali su taimaka da kuɗin mota da na magani. Limamai da sarakunan zango su riƙa leƙa irin waɗannan gidaje, yadda ake gaida mai zazzaɓi ko wanda ya karye, gama gaida marar lafiya hakki ne a kanmu, ba a kuwa ware wani ciwo ba.

Kakanninmu da suka biyo hanyar Salaga da fataucin goro, in wani ya kwanta a hanya ba su kan bar shi a daji ba, zango suke kawo shi. Kada ya zama a zamaninmu ne zango ya kasa riƙe nasa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa masu jinya haƙuri, amin.