Netwok ɗin da aka ce ba shi da shugaba, shi ma yana naɗa sarakunansa

Duk lokacin da aka fito da sabon kuɗin kirifto ko manhajar da ke haɗa kwamfuta da kwamfuta kai tsaye, tallar ɗaya ce: babu mai iko da shi, babu mai iya kashe shi. A ganina, ya kamata mu masu rubuta manhaja mu daina haɗiye wannan magana ba tare da mun tauna ba.

Asalin tunanin mai kyau ne. A 1964, Paul Baran na cibiyar RAND a Amurka ya wallafa tsarin sadarwar da kowace na'ura ke haɗe da maƙwabtanta, ta yadda ko an lalata wani ɓangare, saƙo zai nemi wata hanya ya wuce. Amma netwok ɗin da ke girma da kansa ba ya bin zanen takarda.

A 1999, Albert-László Barabási da Réka Albert sun bayyana dalili. Sabuwar na'ura idan ta shigo, ta fi haɗuwa da wadda ta riga ta tara haɗi da yawa, kamar yadda sabon ɗan kasuwa ke kafa rumfa inda jama'a suka fi cunkoso. A hankali sai 'yan tsiraru su zama manyan mahaɗai, ba tare da kowa ya naɗa su ba. A 2000, su biyun tare da Hawoong Jeong sun nuna sakamakon hakan: irin wannan netwok yana jure mutuwar ƙananan na'urori barkatai, amma idan aka cire manyan mahaɗan, sai ya tarwatse. Masana na ci gaba da muhawara kan yawan netwok ɗin da suka dace da wannan lissafi daidai, amma taruwar ƙarfi a wuri ɗaya abu ne da aka gani a zahiri.

A 2014, rukunin masu haƙar Bitcoin guda ɗaya, GHash.io, ya kai kusan rabin ƙarfin haƙar duniya. Ranar 4 ga Oktoba 2021, kuskure ɗaya wajen saita na'urorin Facebook ya ɗauke Facebook da WhatsApp da Instagram na kusan awa 6. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, masu amfani da intanet a Najeriya da Ghana suka ji a jikinsu.

Wani zai ce ai waɗannan mahaɗai su ne ke sa saƙo ya isa da sauri, kuma da arha. Gaskiya ne. Ba rushe su nake nema ba, sanin inda suke nake nema.

Idan kana gina tsari, ɗauki NetworkX a Python, ka zana na'urorinka da haɗinsu. Ƙirga haɗin kowace ɗaya, ka cire guda 5 mafiya girma, ka ga ko sauran za su iya magana da juna. Idan sun rabu, to tsarinka yana da sarakuna, kuma gara ka tanadi wata hanya kafin ka ɗora kuɗin mutane ko bayanansu a kai.