Firintar 3D: Gyaran injuna ya fi gina gidaje gaggawa a Najeriya

Tun da gwamnati ta sakar wa kasuwa ragamar darajar naira a watan Yunin 2023, kayan gyara na waje suka ƙara tsada, injuna suka riƙa kwanciya a asibitoci da masana'antu. Sau da yawa abin da ya karye ɗan guntun roba ne, amma sai an yi makonni ana jiran sa daga Chana ko Jamus. A nan ne firintar 3D take da amfani.

Masassaƙi yana rage itace har siffa ta fito. Ita kuwa wannan na'ura ƙarawa take yi: tana narkar da zaren roba, tana ɗora shi layi bisa layi kamar ginin tukunya, gwargwadon zanen da ke cikin kwamfuta. Ba sabuwar fasaha ba ce, domin Chuck Hull ya samu haƙƙin mallakar ɗaya daga cikin dabarunta a Amurka tun 1986. Arahar ce sabuwa, kuma ta biyo bayan ƙarewar haƙƙin kamfanin Stratasys a 2009.

An ga ranarta a watan Maris na 2020, lokacin da bawul ɗin na'urorin numfashi suka ƙare a wani asibiti a lardin Brescia na Italiya ana tsakiyar korona. Ƙaramin kamfanin Isinnova ya auna samfurin, ya zana, ya buga kimanin ɗari cikin 'yan kwanaki. Abin lura shi ne sai da aka samu mai iya zanen kafin firintar ta yi komai.

Sai dai abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne gini, musamman tun da kamfanin 14Trees ya buga makaranta a Malawi. Abin burgewa ne, amma bango kawai na'urar ke yi. Tsadar fili da siminti da rufi, waɗanda su ne ainihin ciwon kan mai gini a Abuja, suna nan daram.

Cikas na farko lantarki ne. Bugun abu ɗaya kan ci sa'o'i, kuma ɗauke wuta a tsakiya na iya lalata aikin. Zaren robar ma galibi da dala ake sayo shi, ga shi roba ba ta jure abin da ƙarfe ke jurewa.

Wannan raunin yana da magani a kasuwar Panteka ta Kaduna. Masu zubin ƙarfe suna buƙatar samfurin da za su danna a yashi su fitar da gurbi kafin su zuba narkakken sanholo. Firinta za ta iya fitar da wannan samfuri daidai da awo a yini guda. Saboda haka, kafin hukumar NASENI da kwalejojin fasaha su shiga sayen manyan injuna, ya kamata su fara da koya wa yaran maƙera zane a kwamfuta.